Yadda Anti Zare Ta Share Ɗaki Har Ya Fi Ƙarfinta

Ranar farko da maƙwabciyarmu tela ta shiga ɗakin lacca a jami'a, a ƙasa ta zauna, kuma ba da son ranta ba.

Shekarunta arba'in da ɗaya a lokacin. Ta sha sabon ɗinki na hannunta, ta ɗora takalmi mai ɗan tsini da babbar 'yarta ta dage sai ta sa, ta rataya wata jaka wadda in an matsa za ta ɗauke jariri da kayan wankansa. Ta yi sammako ta kama wuri can sama, don ɗakin hawa-hawa ne kamar matakala. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, kujerun wurin irin masu naɗewa da kansu ne, kana tashi su ma su tashi. Malami ya shigo. Tarbiyyar makarantar da ta baro shekara ashirin da wani abu ta motsa, ta miƙe zumbur za ta gaishe shi. Ta dubi dama ta dubi hagu, ɗalibai sun kusa ɗari biyu, ko wanda ya gyara zama babu. Sai ta koma da sauri za ta zauna kafin a ankara. Kujera kuwa tuni ta kama gabanta.

Ƙarar da aka ji ba ta faɗuwar kaɗai ba ce. Siket ya dare daga baya, jaka ta kife, zarurruka suka fito suka kama gangara, ja da kore da baƙi da ruwan ƙwai, kowanne yana jan jelarsa yana sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, har wani ya je ya tsaya a kan takalmin malami. Malamin ya sunkuya ya ɗauka, ya bi zaren da ido tun daga ƙasa har inda kanta kawai ake hangowa tsakanin kujeru. Ya ce jami'a ba ta buɗe sashen ɗinki ba tukuna, amma zai kai shawarar gaba. Daga ranar sunanta na yanka ya ɓace. Anti Zare a aji, Anti Zare a bakin ƙofa, har sunan ya biyo ta unguwa, inda muka tarbe shi hannu bibbiyu.

Mu da katanga ɗaya ta raba gidajenmu mun san ta tun tana amarya. Shekara ashirin tana taka keken ɗinki a ɗan shagon da ke gaban gidansu. Tela ce ta gaske, wato in ta ce miki Juma'a, sai ki tambaye ta ta wane wata. Mijinta gyaran agogo yake yi, mutum ne da ba ya wuce kalma uku a yini, biyu daga ciki kuma "to" ne. Duk shekara jami'a kan aiko mata da rigunan yaye ɗalibai ta gyara, waɗannan masu faɗin hannu da hula mai lebur, wannan ƙasanta ya warware, waccan maɓallinta ya fita. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa 'ya'yan mutane wannan hidima. Wata rana da la'asar Mai Agogo ya leƙo shago neman allura, ya tarar da matarsa sanye da riga da hula a gaban madubi, ta naɗe tsohuwar jarida tana miƙa wa kanta da hannun dama tana karɓa da hagu, har da ɗan rusunawa. Ya juya ya koma. Bayan mako guda ya ajiye fom ɗin shiga jami'a a kan keken, ya danne da almakashi. Ta ce ba'a yake mata. Ya ce, "Cike." Wannan ita ce kalmarsa ta uku a ranar.

Cuta ɗaya gare ta, ita ce tsafta. In ta zo gidanki, tana gaishe ki tana shafa yatsa a kan taga. In ta share ƙofar gidanta sai ta zarce ta share tamu, sa'an nan ta tsaya tana kallonmu ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. In kuwa aka ce baƙo zai zo, to ranar ko kyanwar gidan ɓuya take yi.

To, a koma ranar faɗuwa. Da aka tashi daga lacca ta ɗaura mayafi a ƙugu ta fita neman inda za ta laɓe ta ɗinke siket. Nan ta gane abin da ba a rubuta a fom ba. Mata a jami'ar ba su da yawa a wancan lokacin, kuma waɗanda ke zuwa daga gida su koma gida ba su da wurin zama ko na ƙafa ɗaya. Ɗakunan kwana na masu kwana ne, mai gadin ba ta barin kowa. Inuwar bishiyoyi maza sun cika. Wurin cin abinci maza. Masu ƙwallo suna da ɗakinsu, masu muhawara suna da nasu, har wasu mutum shida masu tara duwatsu suna da ɗaki da fanka. Ta yi ta bilinbituwa hannu ɗaya a baya, sai ta hango wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene.

Ashe da masu wuri. Wata matashiya ta juya fuska ga bango tana shayar da jariri, wani jaririn kuma na kwance a cinyarta yana jiran layi. Gefenta wata siririya mai tabarau ta cire takalmi tana cin burodi a ɓoye cikin jaka kamar wadda ta sato shi. Anti Zare ta yi sallama, ta juya ta nuna musu ɓarnar. Ba wadda ta yi dariya sai da ita ta fara. Mai tabarau ta miƙe ta baza mayafinta ya zama labule, mai 'yan biyu ta riƙe ɗaya bakin da haƙori don hannayenta duk a cike suke, Anti ta ɗinke abinta a tsaye. Da ta gama ta fiddo fulas, da ikon Allah bai fashe ba, suka sha shayi a murfi ɗaya su uku. In ka tambayi 'yan ƙungiyar yau yaushe aka kafa ta, wata rana ce daban za su faɗa maka, wadda ke jikin takarda. Ƙarya suke yi. Ranar yagewar siket ce.

Mai 'yan biyun ta zama Maman Biyu. Mai tabarau shari'a take karanta, ba ta iya cewa "ruwa ya ƙare" ba tare da ta kawo dalili uku ba, don haka ta zama Lauya tun ba ta ci jarrabawa ko ɗaya ba.

Kafin wata biyu lungun ya cika. Su bakwai, su goma sha ɗaya, su goma sha tara. Wata ta zo ta huta da ƙafa, wata ta zo ta gyara ɗaurin ɗankwali, wata ta zo ta yi kukanta na minti biyar ta wanke fuska ta koma aji. Duk sanda aka tashi daga lacca a sama, samari suka sauko da gudu, sai ƙura ta zubo cikin shayi. Mai tsayi ba ta iya miƙewa sai ta gaisa da siminti. Da damina ta kama, ruwa ya riƙa shigowa ta gefe, ranar nan Maman Biyu ta tsaya awa guda ɗauke da yara biyu don babu busasshen wurin da za ta ajiye su. Ta ce in haka za a ci gaba, ita kam za ta haƙura da karatun sai sun yi wayo. Kowa a wurin ya san mai cewa sai yara sun yi wayo ba ta cika dawowa ba.

Lauya ce ta binciko cewa duk ƙungiyar da aka yi wa rajista tana da haƙƙin a ba ta ɗaki. Aka ce to a yi ƙungiya. Aka kwana uku ana gardamar suna, wasu na son mai tsawo da zai cika allo, daga ƙarshe aka tsaya a kan Zauren Ɗalibai Mata, ko da yake har yau tsofaffin 'yan ƙungiyar 'Yan Ƙarƙashin Bene suke kiran kansu. Zaɓe bai ɗauki lokaci ba. Aka ce Anti Zare ce shugaba, tunda fulas nata ne. Lauya ta rubuto dokoki shafi goma sha huɗu. Anti ta saurara har shafi na biyu, ta ce ƙanwata, wannan ai yadi ne ya yi yawa, a rage. Ta mayar da su uku. A cire takalmi a ƙofa. Wadda ta sha ta wanke kofi. Kuma ba a tambayar kowa maki nawa ta ci, ko yaushe za ta yi aure, ko me ya sa har yanzu shiru. Wannan doka ta uku ita ta fi kawo musu jama'a.

Sai neman ɗaki. Jami'in da ke kula da harkokin ɗalibai wani gajere ne mai tumbi, yana yawo da hatiminsa a aljihun gaba kamar mai gudun a sace, shi ya sa ɗalibai ke ce masa Mai Hatimi. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya gano tun da wuri cewa "a dawo gobe" ba ta taɓa jawo wa kowa matsala ba. Sau biyar suna tare shi a bakin bene yana cewa babu ɗaki. A na shida, don ya rabu da su, ya ce akwai wani tsohon sito a bayan laburare, in suna so su duba. Ran Alhamis ta sama zai zo ya gani da idonsa, in ba matsala ya buga hatimi, ɗaki ya zama nasu.

Makullin yana hannun wani dattijo da ya shekara talatin yana buɗe ƙofofin jami'ar yana rufewa, ana ce masa Baba Mai Makullai. Ya kai su ya buɗe. Karyayyun kujeru har rufi, yanar gizo kamar an shanya gidan sauro, taga biyu an toshe da kwali, ga wani wari da ba a san ko na ɓera ba ne ko na tsohuwar takarda. Amma ɗaki ne babba, ƙasansa a bushe. Baba ya miƙa wa Anti makulli, sai dai bai saki ba. Ya rage murya.

"'Yata, ki ji abin da zan gaya miki. Kada ku taɓa ko yana ɗaya sai hatimin nan ya sauka a takarda. A wurin nan, ɗakin da ya yi muni ba mai tuna shi. Ranar da ya yi kyau, za ki ga masu shi."

Lauya ta ce wannan magana ce ta hankali, ta kawo dalilanta uku. Kowa ya amince. Anti Zare ma ta ce ta ji.

Ta ji ɗin, amma ta kasa barin abin a ranta. Babban mutum zai zo. Zai shigo ɗakin da aka ce na mata ne, ɗakin da sunanta ke kansa a matsayin shugaba, ya tarar da kashin ɓera. Me zai ɗauke su? Wa zai ba ƙazamai ɗaki? Ta gaya wa Mai Agogo damuwarta, ya ce to. Ta ɗauka ya goyi bayanta ke nan.

Ran Litinin ta zo da tsintsiya a cikin jaka, ta ce ba shara za ta yi ba, hanya kawai za ta buɗe daga ƙofa zuwa tsakar ɗaki don kada baƙo ya yi tuntuɓe. Da hanya ta buɗe sai gefenta ya ƙara muni. Aka ce to a ɗan fitar da kujerun nan. Da aka fitar sai daɓe ya bayyana, kuma ba macen da za ta ga daɓen nan ta wuce. Aka wanke. Da ƙasa ta yi fes sai bango ya fara jin kunya. Wata ta ce yayanta mai fenti ne, akwai ragowar gwangwani biyu a gida. Kowace ta zo sai ta ce ita abu ɗaya kawai za ta yi. Wannan ta cire kwalin taga, waccan ta kawo tabarma, Maman Biyu ta kawo shukar fulawa a gwangwanin madara. Lauya ta tsaya a ƙofa tana tuna musu abin da aka yanke, da ba a saurare ta ba ta ce tunda dai ana yi, kusurwar can ba ta fita ba, ta karɓi tsumma. Anti ta haɗa ƙyallayen da suka rage mata na shekara biyu ta yi labule, ta yi wa kujeru takwas da suka gyaru matasai. Mai Agogo ya zo ran Laraba ya kafa agogon bango, ya duba nasa na hannu, ya tafi.

Baba Mai Makullai ya leƙo, ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya cire takalmi ba tare da an ce masa ba, ya girgiza kai ya mayar da takalminsa ya fita.

Alhamis Mai Hatimi ya iso yana toshe hanci tun daga nesa, don shi siton da ya sani ya zo gani. Da ya shiga ya saki hancin. Aka ba shi kujera mai matashi, aka ba shi shayi a kofi mai faranti. Anti tana tsaye tana washe baki, tana satar kallon Lauya, wato kin gani ko. Shi kuwa ya sha shayinsa, ya tashi ya buɗe taga, iska ta kaɗa labule. Ya auna ɗakin da taku, tsawo da faɗi. Ya ce ikon Allah, bai taɓa sanin wurin nan yana da iska haka ba. Ya yaba musu ƙwarai da gaske. Hannunsa bai je kusa da aljihun gaba ba.

Ran Litinin takarda ta fito. An kawo wani sabon farfesa da ya yi wata uku ba ofis, kuma an yi sa'a an gano wani ɗaki mai kyau a bayan laburare da ya dace da shi. Ana godiya ga ɗalibai mata bisa kishin makaranta, su miƙa makulli kafin ƙarshen mako.

Kwana biyu ba mu ji ƙarar keke ta katanga ba. Mu da muka saba tsokanarta ko da safe ko da rana, muka leƙa da shirinmu, muka ga fuskarta, muka mayar da shirin aljihu. Ba ɗakin kaɗai ke cin ta ba. Ita aka gargaɗa, ita ta fara kawo tsintsiya, mata ashirin da uku suka bi ta, ga Maman Biyu ta fara maganar ajiye karatu kuma. Lauya ba ta ce ai na faɗa ba sai sau huɗu.

Ran Alhamis ta kai wa Baba makulli da kanta, ta ce ya yi haƙuri, ya yi magana ba ta ji ba. Baba ya karɓa ya zura a zobensa. Ya ce ba ita ce ta farko ba, kuma ai wanda ya ƙwace ɗakin ya fi kowa sanin wannan karatu. Ta taɓa shiga ofishinsa? Ta ce a'a, kullum a bakin bene suke tare shi. Ya ce shi ya sa. Ofishin nan yana can ƙuryar hawa na biyu, taga uku gare shi, da banɗaki a ciki, ya fi na mataimakin shugaban jami'a nesa ba kusa ba. Shekara goma sha biyar yana ciki. Abin da ya tsare masa shi bai wuce barandar da ke kaiwa can ba: ƙwan lantarki ya mutu tun zamanin da, ya hana a canza, tsofaffin fayil-fayil jibge hagu da dama, ya hana a kwashe. Duk babban da ya leƙo ya ga duhu da ƙura sai ya juya, yana tausayin bawan Allah da ke zaune a ciki.

Sai Anti Zare ta tambayi Baba ko akwai dokar da ta hana ɗalibi jiran jami'i a barandarsa. Baba ya ce shi makulli ya sani, amma a shekara talatin bai ga an kori mai jira ba.

Washegari da safe Mai Hatimi ya hau bene ya tarar da mata ashirin da uku a barandarsa, sun zo jiran ganinsa a kan maganar ɗaki. Ya ce ai an gama wannan magana. Anti ta ce haka ne, ranka ya daɗe, su dai za su jira ko Allah zai sa a samu wani, kuma ba za su dame shi ba. Ba su kuwa dame shi ba. Mai lacca ta tafi laccarta ta dawo, wata ta canje ta. Sai dai mace ba ta iya zama cikin ƙura hannu sake. Kafin azahar an share. Ran Litinin wata ta zo da ƙwan lantarki, baranda ta yi haske, aka ga ashe daɓenta mai ado ne. Aka jera fayil-fayil tsaf, aka ɗaure su da ƙyalle, aka lulluɓe da zane mai fulawa har suka zama kamar benci. Ran Talata labulen nan na ƙyallaye ya hau tagar baranda, tunda farfesa ɗaki aka ba shi ba labule ba. Fulawar Maman Biyu ta biyo baya. Aka goge ƙofar ofishin, aka wanke allon sunansa da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido daga bakin matakala.

Mai Hatimi ya fito ya ce wa ya sa su wannan wahala, su bari mana, ai akwai masu shara. Anti ta ce wace wahala, ai kishin makaranta ne, shi da kansa ya yaba musu a takarda. Ya koma ciki. Ya sake fitowa ya ce hasken nan yana damun idonsa. Lauya ta ce ai shi a ciki yake, hasken kuma a waje, ta fara kawo dalili na biyu, ya rufe ƙofa.

Abin ya fara aiki ran Laraba. Malamai da ba su taɓa bin ta nan ba suka fara ratsowa, wai gajeriyar hanya ce. Wani shugaban sashe ya tsaya ya shaƙi iska ya ce wurin nan da sanyi. Ran Alhamis kuwa sai ga mataimakin shugaban jami'a da kansa, ya hau bene zai je wani wuri, ya hango labule da fulawa ya karkato. Matan suka gaishe shi. Ya tambaya ina ne nan, shi bai san akwai irin wannan ɓangare a ginin ba. Anti Zare ta rusuna ta ce ai ranka ya daɗe baranda ce kawai wannan, su ma ba su taɓa ganin ciki ba, amma an ce taga uku ne. Ya ce taga uku? Ya murɗa ƙofa ya leƙa, ya gaisa da Mai Hatimi, ya daɗe yana kallon rufi da bango fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Ya ce zai dawo su yi hira a tsanake.

Bai kai ƙasan bene ba Mai Hatimi ya aiko a kira shugabar ƙungiya.

Kafin a faɗi abin da ya faru a ciki, bari a ba ta haƙƙinta. Ɗakin bayan laburare ya dawo hannunsu a ranar, farfesa kuwa aka gano ashe akwai inda za a sa shi a sama, dama shi bai ma san ana rigima a kansa ba. Maman Biyu ta gama karatunta, 'yan biyun a ɗakin suka koyi tafiya, suna dafa kujerun nan takwas. Lauya ta zama lauya. Ƙungiyar yanzu mata sun fi ɗari huɗu, sun ƙara ɗaki biyu, dokokin dai har yau uku ne. Anti ta fito da digirinta na koyarwa, tana koyar da 'yan mata da safe, da yamma ta koma kan keke, kuma duk ilimin nan bai sa Juma'arta ta zama Juma'a ba. Ina da atamfa a wurinta tun kafin auren ƙanena, yanzu matarsa na goyo.

Amma abin da 'Yan Ƙarƙashin Bene ke ba sababbin shiga labari shi ne na cikin ofis. Ta cire takalmi a ƙofa ta shiga. Taga uku ne kuwa, Baba bai yi ƙari ba. Mai Hatimi yana gumi duk da iskar. Ya jawo takardarsu daga ƙasan wasu takardu, ya ciro hatimi daga aljihu, ya hura masa iska, ya buga, ya sake bugawa a shafi na biyu ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, su kwashe labulensu da fulawarsu yau ɗin nan, kuma wadda ta kawo ƙwan lantarki ta tafi da abinta. Anti ta ce an gama. Ta karɓi takarda ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta leƙa ta miƙa wa Lauya ita ma ta karanta, sa'an nan ta ninke ta sa a jaka.

Da ya ga abin ya wuce, sai ya so ya ɗan farfaɗo da girmansa. Ya jingina da kujera yana murmushi, ya nuna teburinsa da ya yi ƙura da kofunan da suka kwana biyu ba wanki.

"To Malama shugaba, tunda Allah ya yi ku da son tsintsiya, ku riƙa leƙowa nan ciki mana kuna ɗan kaɗe min. Ciki kawai, ban da baranda."

Ta dubi teburin. Mu da muka san ta mun san abin da ta ji, yatsanta har ya kama hanyar shafa ƙurar. Ta damƙe shi cikin ɗaya hannun.

"Ranka ya daɗe, da a watan jiya ne da har fenti zan yi maka. Yanzu kuwa na ɗan taɓa jami'a. Hatimin na hannunka, fara buga min cewa ofishin nawa ne, gobe da sassafe ka ga aiki."